Ƙofa ta Talatin da Ɗaya

Shekara ashirin da shida ina tura kayan mutane
a tsohon filin jirgin Lima.
Na san daɓen da ya tsage gab da wurin awo,
na san famfon da sai an dake shi yake kawo ruwa.
Ko ido rufe, ka ce Madrid, in kai ka.

Ran Lahadi suka kashe fitilun can.
Ran Litinin suka ba ni riga mai ruwan lemo,
sunana a ƙirji, Anselmo,
a gadon baya an rubuta: Tambaye ni.

To, ana ta tambayata.
Wani mai kwat ya faɗo daga tasi yana haki,
direba ya kai shi tsohuwar ƙofa, sun tarar da kwaɗo.
Ina layin Santiyago? Na nuna dama.
Can anjima na hango shi ya ɓullo ta hagu,
sai na duƙa ina ɗaure igiyar takalmin
da ba ta kwance ba.

Nan komai gilashi ne.
Rufi ya yi nisa, murya kan gaji kafin ta dawo.
Warin fenti, kujeru ba su tuɓe ledarsu ba,
kibiya na nuna kibiya,
allo ya ce hawa na uku, lifta ta ce ba ta san zancen ba.
An ce matambayi ba ya ɓata.
Ba a faɗi makomar wanda ake tambaya ba.

Ran Laraba da rana tsaka sai ga Doña Teodosia,
daga duwatsun Ayakucho, dare guda a mota,
baƙar malfa, kitso biyu har ƙugu,
a bayanta ƙunshin soyayyar masara
don 'yarta da ta haihu a Milan.

Ta tsaya gaban matakala mai tafiya da kanta
kamar mai auna kogi da damina.
Ta ce, ɗana, abin da ke gudu ba a kore shi ba
ni ba na taka shi.
Muka bi ta ƙafa. Arba'in da biyu,
ta ƙirga su da harshen gida.

Na'urar duba fuska ta ƙi ta sau uku.
Cire malfa. Ta cire. Kada ki yi murmushi.
Ta ce da na'urar, wa ya ce miki murmushi nake?
Jami'ar ta ciji leɓe, ta buga hatimi da hannu.

Ƙofa ta talatin da ɗaya muke nema.
Sau biyu muka wuce shagon turare guda.
A na uku na tsaya, gwiwa a sanyaye,
na ce, Mama, gaskiya ɗaya ce,
ni ma baƙo ne.

Ba ta yi faɗa ba.
Ta kwance bakin ƙunshi, ta cika mini tafi,
ta ce, sabon gida ba ya sanin kowa
sai an yi kuka a cikinsa, an ɓarar da miya.
Sannan ta karkata kai, ta kasa kunne.
Can bayan wani ginshiƙi
mace na sheshsheƙa a waya,
tana cewa a riƙa ba yaron maganinsa da dare.

Can ne, in ji ta.
Masu tafiya mai nisa ba sa ɓuya.

Can ɗin ne kuwa.

Malfarta ce ƙarshen abin da na gani.
A dawowa na tarar da ƙwayar masara ɗaya
gindin ginshiƙin, an take ta,
ta bar ɗan tabon mai a kan sabon daɓe.
Mai shara ta nufo da tsumma.
Na ce, Zoraida, don Allah bar shi.
Daga nan ake karya kwana hagu.