Mai Karanta Ruwa

A Sinnar, bayan sallar asuba,
nakan sauka matakala talatin da ɗaya
in tambayi kogi inda ya kwana.
Shekara arba'in da 'yan kai
ina rubuta amsarsa a littafin gwamnati,
da fensir, don tawada ba ta shiri da raɓa.

Ranar da na cika sittin da biyar
Batula ta yanka zakara.
Ta ce daga gobe sai rana ta taɓa ƙafar gado zan tashi.
Har zuciyata ta riga ni zuwa Mai Wurno,
kuɓewa kunya biyu, da inuwar darbejiya.

Sai ga takarda daga Madani, da hatimi shuɗi.
An ƙara mini shekara biyu.
Wai babu mai maye gurbi.

Babu?
Mujtaba fa, da ya yi damina uku yana riƙe mini fitila,
ba albashi, sai kuɗin shayi da wake?
Ya karanci ruwa a jami'a.
Ya san lissafin da ban sani ba,
ni kuwa na san launin da kogi kan ɗauka
kwana biyu kafin ya fusata.
Shi ma ya karanta mini takardar, na manto tabarau.
Muryarsa ba ta yi rawa ba.
Ya ce, "Barka, Baba Inuwa."
Ya ninke ta huɗu, ya miƙo da hannu biyu.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi.
Na ga yadda aka yi da Jibir Ɗanjummai,
wata takwas yana bin fansho daga taga zuwa taga,
takalminsa ya ƙare, fayil bai fito ba.
Yanzu yana ƙofar gida yana kwance agogo mai lafiya
don ya sami abin ɗaurawa.
Ga kuɗin makarantar autata.
Ga maganin suga, yana hawa kamar ruwan Agusta.

Amma gwiwata ba ta karanta takarda.
A matakala ta ashirin takan tsaya ta yi shawara.
Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi,
to wanda ya tashi, ina za shi?

Na sa hannu ranar Talata.
Batula ba ta ce komai ba,
ta mayar da farar jallabiya cikin akwati.

Da asubar Laraba na tsaya a sama.
Na ce wa yaron, "Kawo fitilar. Ungo fensir."
Na ji takunsa yana sauka, bibbiyu-bibbiyu,
ko ƙarfen dafawa bai nema ba.
Ya ɗago murya daga ƙasa:
"Ya hau da yatsa huɗu, Baba!"
Na duba launin ruwan. Haka ne.

Lambar da ke littafin tasa ce.
Sa hannun nawa.
Ƙarshen wata zan ga yadda za a raba sauran.