Kwaɗon Surulere

Ni ne mai tsugunne a bayan mai gora,
shekara tara ina cafe abin da Namadi ya jefo.
Dubi babban yatsana na hagu, har yau a karkace:
sa hannunsa ke nan a jikina.

Ba a fili ya koyi jifa ba.
A kasuwar Mil Sha Biyu ya koya, bisa tirelar kankana,
tun kafin ladan ya gyara murya,
yana cillo wa mutum huɗu a ƙasa,
ba wadda ke fashewa sai wadda ya ga dama.
Koci Adebisi ya shigo sayen tattasai,
ya tsaya kallo, ya koma gida ba tattasai.

Bai taɓa buɗe wasa ba.
Zagaye takwas yana kan bokitin fenti,
yana ɓare gyaɗa, yana gyangyaɗin ƙarya.
Sai in gida ya kama da wuta,
hannun mai jifanmu ya zama lagwani,
sannan koci zai waiwaya.

Shi kuwa ba zai tashi nan take ba.
Sai ya kakkaɓe ɓawo daga cinya,
ya sumbaci kwaɗon ƙarfen da ke wuyansa
rataye da igiyar takalmi,
ya yi tsalle uku irin na kwaɗon fadama
kafin ya hau tudu.
Kwaɗo biyu a jiki ɗaya, in ji shi:
ɗaya na tsalle, ɗaya na kulle.
Yarbawa suka ce Agadagodo,
mu muka ce Kwaɗo, ya amsa duka.

'Yan kallo ba su kai sittin ba,
har da mai ruwan leda da 'yan acaɓan da suka fake wa rana.
Amma yakan ɗaga hula gabas da yamma
kamar Legas ce kaf ta rufe shago ta zo.
Ya kai ƙwallo kunne, ya ƙwanƙwasa da yatsa,
ya leƙo mai gora, ya ce: ta nuna!

Ta farko iska.
Ta biyu takan taho kamar danfo marar birki,
ta sauya hannu ba sigina.
Ta uku ni kaɗai ke jin ta, a ƙashi.
Sai ya murɗa makulli a sarari, ƙaras,
ya wurga shi can wajen teku,
yara su ruga neman abin da babu.

Wani bature ya taɓa karɓar lambarsa.
Damina uku wayar na ƙarƙashin matashi.

Kafaɗa ba ta shawara da mai ita.
Ran wata Asabar, hadari na haɗuwa ta Ojuelegba,
wani ɗan Mushin da gemu bai fito masa ba
ya ɗauke ta ukun, ya haye da ita katanga,
muka ji ƙararta a kan rufin wata mota.
Fili ya yi tsit.
Namadi ya bi ta da ido har ta ɓace,
ya cire hula, ya rusuna wa yaron,
ya ce: wannan ta fi nuna.
Ya sauko tudu da tafiya irin ta kowa.

Yanzu yana Agege, bakin titin jirgi,
da teburin lemo da wuƙa siririya.
Hannun dama ba ya wuce kunne.
Kwaɗon na nan, jikin akwatin kuɗi.

Jiya na bi ta wajen. Bai gaishe ni ba.
Ya ɗauki lemo, ya kai kunne,
ya ɗaga mini gira.
Ni da furfurata, a tsakiyar masu wucewa,
na aje ledata, na tsugunna.