A Hawa na Uku

Ƙarfe shida na yamma nake hawa benen,
jaka a kafaɗa, kati a hannu.
Ƙofa ta lashi katin, ta buɗe.
A hawa na uku na tsohuwar masaƙa a Darwen
injinan gudu ashirin sun yi sahu suna kallon taga.
Na hau na bakwai,
in yi tafiyar da ba ta kai ni ko'ina.

Daɓen katako ne. In zafi ya yi
har yau yakan tsattsafo da man inji.
A nan Hettie Entwistle, kakar mahaifiyata,
ta tsare injinan saƙa huɗu
kafin ta cika sha biyar.
Ƙara ta cinye mata kunne.
Da leɓe suke hira, ita da ƙawayenta,
gulma na tsallaka zare ba amo.

Mijinta Seth dilar auduga yake ɗauka.
Ba wanda ya ce masa motsa jiki yake yi.
Ran Asabar jiniya ta busa da rana tsaka,
rabin yinin da aka sha ja-in-ja kafin a saki,
sai ya kurkure baki, ya tofar da farin yawu,
ya nufi fili da ƙurar auduga a gira.

A ƙauyen kakansa ƙwallo ba ta da shinge:
gari guda kan tunkari gari guda
daga rafi har ƙofar coci,
sai duhu ya raba.
Masu agogo suka zo suka ja layi da farar ƙasa,
suka ƙirga sha ɗaya, suka auna minti casa'in.
Usur ma ɗan jiniya ne, ka saurari kukansa.
Mai masaƙa ya sayi riguna,
wai gara fili da mashaya.
Jirgin ƙasa ya kawo abokan karawa,
aka sa taro a bakin ƙofa,
masu wasa kaɗan, 'yan kallo dubbai.

Ba na kewar zamaninsu.
Tari ya ɗauke Hettie tana hamsin da ɗaya.
Ni kujera ce ke cina a hankali,
awa takwas gaban kwamfuta,
har likita ya dubi bayana ya girgiza kai.
Su an biya su ladan gumi, ko da ba yawa.
Ni nake biya duk wata
a bar ni in zubar da nawa a ɗakinsu.

Allo ya ce na yi mil uku.
Taga dai na nan inda take,
bututun hayaƙin da ya mutu ma haka.
Kiɗa ya cika ɗakin har ba a jin juna.
Can gefe Nadeem mai horarwa yana buɗe baki,
ban ji komai ba,
amma na karanta leɓensa:
saura biyu.