Karatun Mai Wanki

Ni mai wanki ne a Yelwa ta Garwa,
shekara ashirin da biyu hannuna cikin kumfa.
Ban yi boko ba, amma ina karatu:
allona farar shadda ce a igiyar shanya,
gari kuwa shi ke rubutu da baƙi.

Da asuba nake gangara Binuwai da ƙunshi a ka.
Hantsi ya same ni na shanya rigunan Juma'a,
farare tas, kamar nonon Bappa Yero a ƙwarya.
Kafin la'asar sun yi ɗigo-ɗigo,
ka ce ƙuda ya taka tawada ya bi ta kansu.
Ba wanda ya taɓa.
Iska ce ta wuce.

Na san hannun kowa a rubutun nan.
Mai maiƙo, mai manne wa yatsa, na Gambo ne,
da ke babbakar kawunan shanu da tsohuwar taya
a bayan mayanka.
Shuɗin da ke rarrafe daidai gwiwa
na 'yan babur ne, masu ɗura zuwa-zuwa daga kwalba.
Mai ɗacin da ke tsayawa a maƙogwaro
bolar kasuwa ce, leda da batir da tsumma,
tun Talata take ci, ta ƙi mutuwa.

Darbejiyar ƙofar gidanmu ma ta iya karatun.
Shafa ganyenta, ka duba tafinka.
Ruwan farko da ya sauko daga kwano bana
ko akuya ta shinshina ta ba shi baya.

Alhaji Bobbo ya dawo da riga, wai ban wanke ba.
Na sake wankewa, ko dala ban karɓa ba.
Riga ai mai sauƙi ce.

Jaratu ce ba sauƙi.
'Yata, shekara shida, gwanar tsallen igiya,
da tana kai hamsin, yanzu a tara take dafa bango.
Da dare ƙirjinta na kuka kamar tsagaggiyar sarewa,
uwarta a zaune cikin duhu
tana jan numfashin ɗaya-ɗaya kamar carbi.

Likita ya ɗaga hoton ƙirji ga hasken taga,
ya ce, wa ke shan taba a gidan?
Na rantse babu.
Ya ce, to ina take wuni?
Na ce, gindin teburina, in ina guga.

A nan bakina ya mutu.
Dutsen gugata gawayi yake ci,
kuma da leda nake kunna shi kowace safiya,
ashana ɗaya, ya kama.
Ita ke riƙe mini mafici.
Har yabonta nake, wai ta fi yayanta hannu.
Shekara nawa ina karanta hannun mutane,
ashe nawa na nan a layin farko.

Na fitar da tebur tsakar gida.
Da karan dawa nake kunnawa yanzu,
yana cin lokaci, masu kaya na tsaki.
Na je wurin Gambo da maganar taya.
Ya ce itace ɗauri ɗaya ɗari biyar,
taya kuwa kyauta, 'ya'ya bakwai.
Bai ƙarasa ba tari ya sarƙe shi,
ya tofar, muka kalli abin tare,
ba wanda ya ce uffan.

Na san maganin manja a wuyan riga,
na san na goro, na san na bakin mai.
In huhu na ciruwa kamar 'yar ciki,
da tuni na kai nata rafi,
na jiƙa, na cuɗa, na buga a dutse,
na maida mata kafin ta farka.

Jiya na rataye farin ƙyalle a tagar ɗakinta.
Gari ya waye, ina tsakar gida,
na kasa shiga in karanta.