Ta Huɗu

Rumfata ƴar ƙarama ce a Ƙofar Ƙaura,
kwamfuta ɗaya, benci, da inuwar katanga.
Naira hamsin in tura maka waƙa a waya.
Ni ba na sharhi, ni dai na san mai dawowa.

Ran wata Laraba Jazuli ya zo yana gumi,
filashi a tafin hannu kamar ɗan tsako.
Ya ce, "Waƙa tara ce, Mannir, kundina na fari.
Ba ni da ubangida, ban wasa kowa a ciki ba.
Babur ɗina na sayar. Riƙe da kulawa."

Na san ɗakin da ya yi su, can Rafindadi,
kwalin ƙwai ya lilliƙa a jikin bango,
yana jiran dare ya raba, unguwa ta yi tsit,
gurmi a cinya, sauro na yi masa amshi.
A ta bakwai, in ka kasa kunne da kyau,
za ka ji zakaran maƙwabta yana carawa.

Sati biyu, sai masana suka waiwayo shi.
Wani dakta a rediyo, daren Asabar,
ya ce muryar ɗanya ce, ba a wanke ta ba,
ya ce kari ya karye a baiti sha ɗaya,
ya lissafo su tsaf kamar mai bin bashi.
Wani a jarida ya ce, "Yaro ya yi ƙoƙari,"
abin da ake ce wa majinyaci in ya shanye kunu.
Na uku ya yabe shi har ya wuce gona da iri,
ya kira shi sabon alfijir na Arewa,
sai dai ya rubuta sunansa Jamilu,
ya mai da shi ɗan Daura. Muka yi ta ƙyaƙyatawa.

Shi bai yi dariya ba.
Ya yanke jaridar, ya ninke a aljihu,
ya haddace sukar, yabon ya bi ruwa.
Ya zauna a bencina, ya ce, "Na ƙirga da kaina,
sha biyu ne. Ɗaya ya tsere wa dakta."
Na ba shi ruwan leda, ya ƙi karɓa,
ya ce gobe zai koma gyaran fanka, ya gama rerawa.

Ni kuwa ina da littafin ciniki,
shi ba ya jin kunyar kowa.
Ta huɗu, wadda babu masanin da ya ambata,
wadda ya yi wa injin markaɗen uwarsa,
yadda ƙararsa ke riga ladan tashinsa,
da shirun da ya cika gidan ran da ta kwanta,
ita direbobin Jibiya ke tambaya,
ita mai shayin Ƙofar Guga ke maimaitawa.

Muna nan zaune, sai ga Inna Turai mai koko,
da ƴar waya tsohuwa ɗaure da kyauro.
Ta ce, "Sa mini ta mai injin nan, ɗana,
jikata ta goge, jiya ban yi barci ba."
Jazuli ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.
Ta ce, "Ko wane ne, ya sha nonon mai wahala.
Amma in ka gan shi, ka gaya masa ya yi kure:
ya sa tattasai kafin gero a baitin farko.
Wa ke haka? Ai koko sai ya yi yaji.
Da gero ake farawa."

Ta kwance bakin zane, ta ajiye hamsin, ta wuce.

Na dube shi. Idonsa ya kawo ruwa.
Ya zaro jaridar nan, ya juya bayanta,
ya ce, "Mannir, ara mini biro."
Har la'asar ta yi sanyi yana rubutawa.