Ƙaro Ko Kunnen Ice

Kwana arba'in ke nan da aka tsaga ɓawo,
dakwara ta zubar da ganye, ta tsaya da ƙayarta.
Kawu Barau ya saɓa sonki, ni na ɗauki ƙwarya,
muka bar Ummu Ruwaba tana hayaƙin asuba,
jan rairayi yana shanye sawunmu
tun kafin mu yi waiwaye.

Ni na fara gani.
A gindin tsohuwar nan da kakanmu ya jingina jakarsa
ranar da guzurin Makka ya ƙare masa a hanya,
ya ce bari ya yi damina ɗaya, ya yi sittin.
Wani curi, ya fi dunƙulen hannu,
ja-ja, raɓa tana sheƙi a bayansa.
Na ce, Kawu, zo ka ga rabo!
A raina har na kashe kuɗin:
sukari, takalmin roba,
da tobi mai ruwan goro ga Inna.

Bai yi sauri ba. Bai taɓa yin sauri ba.
Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.
Ya ce, Ladidi, wa ya tsaga nan?
Na duba, babu tsaga.
Ya ce, ƙaro ba ya zuwa sai an ji wa ice ciwo,
a bakin raunin yake taruwa.
Wannan kuwa ba wanda ya kira shi.

Ya ɓalle shi da ƙyar, ya miƙo mini.
Ɗaga wa rana.
Na ɗaga. Rana ta ƙi shiga.
Ya ciro wani daga reshe, ɗan ƙarami kamar ƙwan kurciya,
na ɗaga, sai ga hantsi a cikinsa
kamar zuma a kwalba,
har da wata tururuwa da ta mutu tana tafiya.

Juya cikinsa.
Fari fat, da ramuka ƙanana, sun fi tsinin allura ƙanƙanta.
Shinshina.
Warin ɗakin da ya yi yoyo aka rufe.
Na kai baki, ya buge mini hannu.
Ƙaro ake lasa, ya ce, shi ne ke narkewa a harshe.
Wannan kunnen ice ne, dangin naman kaza,
abin da kika gani a waje ɗan aike ne kawai,
mai gidan yana ciki, ya daɗe yana ci.

Sai ya ƙwanƙwasa gindin da ƙotar sonki.
Ta amsa kamar ƙwaryar da ke hannuna.
Ya daɗe tsaye, tafinsa a jikin ɓawon,
bai ce komai ba.
A sama kuwa, reshe ɗaya bai ji labari ba,
ya zubo ƙaro har uku.

Da rana ta take, ya warware rawani zai share gumi.
Nan na gani, ƙarƙashin kunnensa na hagu,
wani curi kamar goriba,
inda ba wanda ya tsaga.
Ya ga na gani.
Ya mayar da rawanin, ya yi masa naɗi biyu.
Ya ce, in an sayar da na bana
zan leƙa likita a Ubayyid. Tsinci, rana na yi.

Na tsinta. Ƙaya ta soke ni sau bakwai, ban ji ba.

Da dare na zauna gaban fitila
ina ɗaga ƙaro ɗaya bayan ɗaya,
kowanne haske ya ratsa shi.
Daga zaure ina jin tarinsa, da ƙarar carbi.
Ya koya mini tsaga, da rana, da hanci, da harshe.
Bai koya mini yadda ake ɗaga wuyan mutum
a duba shi a rana ba.