Hudar Inna

Daren jajibirin aiki, a asibitin Yawuri,
Sista Rifkatu ta shigo da ɗan faranti,
ta ce, "Mama Tasalla, duk wani ƙarfe na jiki
a nan zai kwana."
Na zare awarwaro, na murɗe zobe da sabulu,
'yan kunne biyu suka faɗa farantin, ƙal, ƙal.
Sai ta tsaya tana kallon hancina.

Na ce, 'yar nan, wannan ba ƙarfe ba ne,
Inna ce.
Ita ta huda ni da ƙayar aduwa a gindin rumbu,
shekarar da Kwara ta cinye mana shinkafa.
Ta shafa man shanu, ta ce in na yi kuka
hudar za ta karkace.
Ban yi ba.
Barimar nan ta sha hayaƙin banda tare da ni,
ta ga haihuwa bakwai, ta ga ƙananan kaburbura uku.
Sau ɗaya ta bar hancina, a takabar Malam Ɗangani,
na sa tsinke ya tsare mata gurbi
wata huɗu da kwana goma.

To ku ba ni tsinke.
Sista ta yi dariya har ta dafa gado:
"Tsinken tsintsiya a ɗakin tiyata, Mama?"
Ta ce akwai na'ura mai aiki da wuta,
ita da ƙarfe ba sa ga maciji,
tsinke kuwa datti yake goyo.
Na ce maƙoƙon nan shekara tara muna tare,
bai taɓa raba ni da uwata ba,
sai ku masu fararen kaya?

Ba ta amsa ba. Ta ɗage ɗankwalinta,
ta nuna min kunnen hagu:
wani ɗan tabo, kamar ƙwayar gero.
"Tawa ta toshe ina makaranta," in ji ta, ta fita.

Da asuba sai ga ta, likita ya yarda,
da shuɗin zare a cikin leda, wanda hannu bai taɓa ba.
Barima ta fita da ƙyar, tana cije da nama.
Zare ya shiga gurbinta, ta ƙulla shi sako-sako.
Hurera, autata, ta ɗaure Inna a bakin zane.

Ban san sadda suka yanka ba.
Na ƙirga zuwa huɗu, fitila ta narke.
Da na farka, an ce hannuna bai nemi wuya ba,
hanci ya tafi kai tsaye, yana lalube.

Yanzu ina kwance da zare biyu a jiki:
na wuya yana roƙon nama ya haɗe,
na hanci yana cewa, kul, kada ka soma.